Wandon Ruwa da Takalmin Duwatsu: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Fatsa a Gaɓar Teku

Wanda ya saba jefa fatsa daga kan yashi ko daga cikin kwalekwale, ranar da ya fara taka duwatsun bakin teku zai ga abin ya sha bamban. Dutsen da ya tarar a bushe da hantsi, kafin la'asar ya jiƙe ya yi santsi kamar an goga masa sabulu. Ga kaifi, ga ramuka a tsakanin duwatsu, ga igiyar ruwa da ba ta yin sallama. Kayan da ake sawa a irin wannan wuri suna da nasu ƙa'idoji, kuma waɗannan su ne tambayoyin da masu shirin saye suka fi yi.

Kuɗina ba za su isa in sayi komai a lokaci guda ba. Da wanne zan fara?

Fara daga ƙasa. Takalmi tukuna, sannan rigar ceto mai hana nutsewa, wandon ruwa, wato dogon wandon da ruwa ba ya ratsawa, ya biyo baya. Yawancin mutane akasin haka suke yi, domin wandon ne mai ɗaukar ido, shi ne kuma mai cin kuɗi. Amma aikin wando bai wuce ya hana ka jiƙewa da jin sanyi ba. Takalmi shi ke riƙe ka a tsaye. Wanda wandonsa ya yi yoyo zai koma gida da jiƙaƙƙiyar safa yana tsaki. Wanda takalminsa ya zame a bakin dutse, Allah kaɗai ya san inda zai tsaya. Idan dole sai an rage wani abu, a rage a wando.

Wai dole ne sai da wandon ruwa ake kamun kifi a kan duwatsu?

A'a, kuma akwai wuraren da sa shi ma ganganci ne. Wandon ruwa yana da amfani inda gaɓar ta kwanta, ruwan ya shiga a hankali, kana taka tsakuwa da ƙananan duwatsu har ruwa ya kai maka gwiwa ko cinya, musamman in ruwan mai sanyi ne. A nan yana biyan kuɗinsa.

Inda kuwa za ka tsaya a kan doron dutse, ƙarƙashinka ruwa mai zurfi ne, igiyar ruwa tana dukan dutsen tana komawa, to wandon ba ya ƙara maka komai sai nauyi. A Ostareliya, inda irin wannan kamun kifi ke cin rayuka kusan kowace shekara, shawarar da masu aikin ceto ke bayarwa ita ce a sa tufafi marasa nauyi, da takalmi mai kama dutse, da rigar ceto. A Montauk kuma, can ƙarshen tsibirin Long Island a Amurka, masu hawa duwatsun da ke cikin ruwa da dare da yawansu sun bar wandon ruwa sun koma matsattsun kayan masu nutso, irin waɗanda ke manne wa jiki, domin sun san ko ba daɗe ko ba jima igiya za ta ture su, kuma da waɗannan kayan mutum zai iya yin iyo.

Akwai wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: wandon yana sa mutum ƙarfin hali. Tunda ba ka jin sanyin ruwa a fatarka, sai ka ƙara taku ɗaya, ka ƙara wani, har ka kai inda da gajeren wando ba za ka taɓa zuwa ba.

Akwai mai haɗe da takalminsa, akwai mai ƙarewa da safa. Wanne ya dace da duwatsu?

Mai safa. Shi wannan, ƙafarsa safa ce ta roba mai laushi, sai ka sayi takalmi daban ka ɗora a kai ka ɗaure. Wannan ɗaurin shi ne dukan zancen. Takalmin da aka ɗaure yana riƙe idon sawu, ƙafa ba ta yawo a ciki, in ka taka gefen dutse takalmin yana bin ƙafarka.

Mai haɗe da takalmi yana da nasa alherin. Sa shi da cire shi ba wuya, ya fi ɗumi domin iska tana zagaya ƙafa, kuma yashi ba shi da hanyar shiga, shi ya sa masu kamun kifi a gaɓar rairayi ke son sa. Amma takalminsa holoƙo ne. Ka ɗora ƙafa a kan dutse mai gangare, takalmin ya tsaya, ƙafarka ta murɗe a cikinsa. Targaɗe kenan, in ma an yi sa'a. Sannan in tafinsa ya cinye, ko wandon ya yage, duka biyun ka rasa.

Wane tsayi zan ɗauka: mai tsayawa a cinya, a ƙugu, ko a ƙirji?

Mai tsayawa a cinya na rafi ne da fadama. A teku igiya ɗaya za ta cika shi. Mai tsayawa a ƙugu ya fi sauƙin tafiya da hawa dutse, kuma ba ya dafa mutum a lokacin zafi. Mai kaiwa ƙirji shi aka fi saye, domin yana tare feshin ruwa da iska mai sanyi. Sai dai ka riƙe wannan: an kai shi ƙirji ne don ya tare abin da ya fantsamo, ba don ka shiga ruwa har ƙirji ba. Inda igiya ke motsi, ruwa ya wuce cinya ka yi nisa.

Da wane irin abu ya kamata a ce an yi wandon?

Iri uku ne a kasuwa.

Na roba ko leda mai kauri shi ne mafi araha, yana jure karce, faci ma ba ya masa wuya. Amma nauyi gare shi, ba ya lanƙwasa da kyau, kuma zufa ba ta fita. Tafiyar rabin awa a cikinsa, za ka cire shi ka rantse yoyo yake yi, alhali guminka ne.

Na niyofirin, wato robar nan mai kama da soso wadda kamfanin DuPont ya ƙirƙiro a 1930, ana yin sa da kaurin milimita 3 zuwa 5. Yana da ɗumi sosai, yana miƙewa, yana ɗan taimaka wa mutum ya yi sama a ruwa, kuma in gwiwarka ta bugi dutse yana rage zafin. Inda ruwa ke da tsananin sanyi kuma tsayuwa ta fi tafiya yawa, shi ne gwani. A rana mai zafi kuwa azaba ne.

Na uku shi ne na yadi mai fitar da zufa. A tsakiyar yadin akwai wani siririn shafi mai ƙananan ƙofofi da tururin jiki ke iya bi ya fita, ɗigon ruwa kuma ba ya iya shiga. Wanda ya fi suna shi ne Gore-Tex, wanda ya samo asali daga abin da Bob Gore ya gano a 1969. Ba shi da nauyi, ana tafiya mai nisa a cikinsa, kuma kai ne za ka ƙara ko ka rage tufafin ciki gwargwadon sanyi. Rauninsa kaifi. Bakin dutse da ɓawon ƙananan halittun da ke manne wa duwatsu suna yanka shi. Idan shi za ka saya, duba a ce daga gwiwa zuwa ƙasa, da mazaunai, an yi su ninki huɗu ko fiye, sama kuma ninki uku ya isa. Ga mai yawo daga dutse zuwa dutse, ni wannan zan zaɓa.

To tafin takalmin fa? Na ji ana maganar felti, da roba, da ƙusoshi.

Nan ne zancen yake, don haka bari mu tsaya.

Da farko ka san cewa duwatsun gaɓa ba iri ɗaya ba ne, ko a wuri guda. Na can sama da ruwa ba ya kaiwa busassu ne, kusan kowane takalmi yana kama su. Ƙasa kaɗan akwai wani baƙin shafi a jikin dutse inda feshin ruwa ke sauka. A bushe ba ya nuna komai, da ya jiƙe kuwa ya fi ko'ina mugunta. Ƙasa da shi sai koriyar gansakuka, sai ciyayin teku masu yauƙi da ke kwance a kan dutse in ruwa ya janye. Inda ƙananan halittu masu ɓawo suka lulluɓe dutse, ƙafa tana samun riƙo, amma in ka faɗi a kansu fata ce za ta biya. Takalmi ɗaya ne zai bi duk waɗannan a yini guda.

Felti matsattsen ulu ne ko zare, mai kauri, da ake mannawa a ƙasan takalmi. A kan sumul ɗin dutse mai ɗan yauƙi yana riƙo fiye da roba, domin zarensa yana lotsawa ya bi fuskar dutsen. Amma a kan taɓo, ko jiƙaƙƙiyar ciyawa, ko ganyen teku mai kauri, zamewa yake yi, kuma tafiya a kan yashi da tsakuwa tana cinye shi da wuri.

Roba mai laushi da aka yi musamman don ruwa, irin ta kamfanin Vibram, ta fi daɗin tafiya, ta fi daɗewa, tana wankuwa, tana bushewa da sauri. Ita kaɗai dai ba ta isa a kan gansakuka ba. Duk wanda ya ce maka robarsa tana kama gansakuka ba tare da ƙarfe ba, talla yake yi.

Ƙusoshi su ne ke huda yauƙin su isa ainihin dutsen. Masu kan ƙarfen da ake kira tangistin suna da tauri ƙwarai, suna cizon dutse, suna daɗewa. Akwai kuma na alminiyam, galibi sanduna ne ko faifai da ake ɗaurawa a tafi. Su nasu aikin daban ne: alminiyam yana da laushi, sai ya ɗan lotsa ya manne wa dutsen. Riƙonsa a kan sumul ɗin dutse mai tauri abin mamaki ne, amma yana cinyewa da sauri.

Saboda haka ga gaɓar teku mai duwatsu, zaɓi biyu ne masu ma'ana: roba mai ƙusoshi, ko felti mai ƙusoshi. Na biyun shi masu kamun kifi a duwatsun Japan suka daɗe suna amfani da shi. Idan tafiyarka kafin ka isa ruwa tana da tsawo, ko ka kan bi ta taɓo, ɗauki roba mai ƙusoshi. Akwai kuma kamfanin Korkers da ke yin takalma masu tafin da ake cirewa a sauya, da wani tafi mai ƙusoshi da ake ɗaurawa a kan kowane takalmi. Dabara ce mai kyau, muddin kana duba maɗaurin kafin kowace fita, domin tafin da ya kwance a tsakiyar ruwa ya fi rashinsa haɗari.

Ƙusoshin ba su da nasu aibin?

Suna da shi. A kan busasshen dutse mai tauri da sumul, ko tayil, ko ƙarfe, ƙusa ba ta samun abin cizo, sai ta ja ka. Suna karce benen jirgin ruwa, suna huda kwalekwalen roba, suna yanke zaren fatsa in ka taka shi. Kada kuma ka tuƙa mota da su.

Zan iya ɗaura ƙusoshin da kaina?

Ƙwarai. Yawancin takalman ruwa suna zuwa da alamun wuraren da za a ɗaura. Ana sa kamar 8 zuwa 12 a kowace ƙafa, a bi gefen tafi, da dunduniya, da ƙarƙashin tushen yatsu, a bar tsakiyar ƙafa. Kada ka cika su, domin in ƙarfe ya yi yawa roba ba za ta taɓa dutse ba sam. Auna tsawon ƙusar da kaurin tafin kafin ka murɗa, sannan ka zura hannu ciki ka shafa. Tsinin da bai fito yau ba yana iya fitowa bayan tafin ya lotsa, ya huda safar wandon. Wasu suna amfani da gajerun sukurori na aikin kwano. Suna riƙo, amma gishiri yana sa su tsatsa, kuma kansu yana cinyewa har ya gagari cirewa.

An ce wasu ƙasashe sun haramta felti. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. Felti yana daɗewa bai bushe ba, don haka yana ɗaukar ƙananan halittu daga wannan ruwa ya kai wancan da ransu. Bayan an gano wata gansakuka mai mamaye kogi, da ake kira didimo, a Niyu Zilan a 2004, ƙasar ta hana masu fatsa sa felti a ruwan daɗi daga 2008. A Amurka jihar Maryland ta hana a 2011, Alaska a 2012, gandun Yellowstone a 2018. Dokar kowane wuri da yadda aka rubuta ta, don haka ka bincika ta inda za ka kafin ka saya. Ko da babu doka, in kana haɗa teku da kogi da takalmi guda, wanke shi, ka jiƙa shi a ruwan zafi, ka bar shi ya bushe ƙarau kafin ka sauya wuri.

Ban da tafi, me zan duba a jikin takalmin?

Wuyansa ya rufe idon sawu, kuma in ka kama gaba da baya ka murɗa, ya yi maka gardama. Takalmin da ke murɗuwa cikin sauƙi ba zai tsare ƙafa a tsakanin duwatsu ba. Gabansa ya zama da roba mai tauri, domin yatsu ne ke fara cin karo. A sami ƙofofin fitar ruwa, masu raga don kada tsakuwa ta shiga. Jikinsa ya zama na roba da zaren zamani, fata tana shan ruwa ta yi nauyi, gishiri kuma yana busar da ita ta tsage. Duba ƙarafan da igiyar takalmin ke bi: su ne farkon abin da tsatsa ke ci, shi ya sa takalman da aka yi don teku ke zuwa da na roba ko na yadi.

Game da ɗauri, akwai igiya, akwai waya mai maɓallin murɗawa irin ta BOA. Wayar tana da sauri, hannu mai sanyi ma yana iya sarrafa ta. Amma yashi yana cushe maɓallin, kuma in ta tsinke a bakin ruwa ba a ƙulla ta. Igiya kuwa ko da zaren fatsa ka maye gurbinta.

Lambar ƙafata zan saya?

Galibi sai an ƙara lamba ɗaya, domin safar wandon tana da kaurin milimita 3 zuwa 4, ga kuma safarka ta ciki. Wasu kamfanoni sun riga sun ƙara wannan a lambarsu, don haka kada ka dogara da abin da aka rubuta. Gwada takalmin da wandon a jikinka da safar da za ka fita da ita. Yatsu su iya motsi, dunduniya kuma kada ta ɗaga in kana tafiya. Wanda ya matse yana hana jini gudu, ƙafa ta yi sanyi ta mutu, kuma ƙafar da ba ta jin dutse ba ta san ta fara zamewa ba.

Shi wandon fa, yaya zan gane ya yi mini daidai?

Kada ka tsaya gaban madubi kawai. Tsuguna har ƙasa. Ɗora ƙafa ɗaya a kan kujera. Durƙusa. In ka ji hantsa tana ja, ko gwiwa ta ɗaure, ya yi maka kaɗan, kuma a nan ɗinkin zai fara buɗewa. In kuma yadin ya taru a gwiwa da ƙwauri, ƙafafun suna gogar juna kana jin ƙarar su, ya yi yawa, kuma wannan gogayyar ita ce ke cinye cikin cinya tun kafin dutse ya taɓa shi. Safar ta zauna a ƙafa ba tare da ta naɗe ba. A saman safar akwai wani yanki da ake saukewa ya rufe bakin takalmi don hana tsakuwa shiga, ka tabbata yana da ƙugiyar da ke kama igiyar takalmi. Mata su nemi wanda aka yanka don jikin mace, domin na maza yakan matse a ƙugu ya yi yawa a ƙafa.

Gaskiya ne in wando ya cika da ruwa zai ja ni ƙasa?

Wannan magana rabinta gaskiya ce, kuma rabin da ba gaskiya ba shi aka fi yaɗawa. Ruwan da ke cikin wando nauyinsa ɗaya da wanda ke waje. Muddin kana cikin ruwa, ba ya jan ka ƙasa. Shahararren mai fatsar nan na Amurka, Lee Wulff, har tsalle ya taɓa yi daga kan gada zuwa cikin kogi sanye da wandonsa don ya nuna wa mutane haka.

Amma kogi daban, gaɓar teku daban, kuma haɗarin yana wasu wurare uku. Na farko, wandon da bakinsa ke buɗe yana kama ruwa mai gudu, igiyar da ke komawa ta sami abin ja. Na biyu, iyo a cikinsa yana da wuya, ƙafafu ba sa bugun ruwa yadda ya kamata, mutum ya gaji da wuri. Na uku shi ne fita. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Da zarar ka kama dutse za ka hau, duk ruwan da ke cikin wandon ya zama kaya a jikinka, ga hannu ya yi sanyi, ga wata igiyar tana tafe.

Maganin yawancin wannan shi ne bel. A ɗaure shi tamau a ƙugu, a waje, tun kafin a kusanci ruwa. Ba ya hana ruwa shiga gaba ɗaya, yana dai rage shi ƙwarai, ya ba ka lokaci. Kafin ka ɗaure, tsuguna iskar da ke cikin ƙafafun ta fita, domin iska mai yawa a ƙafa tana ɗaga ƙafa sama ta tura kai ƙasa. Masu shiga inda igiya ke da ƙarfi suna ɗora riga mai hana ruwa a kan wandon, mai matse wuya da wuyan hannu, su ƙara bel na biyu a kanta.

Na iya iyo sosai. Har yanzu sai na sa rigar ceto?

Gwanin iyo da kansa ya bugi dutse ba ya iyo. Sannan akwai sanyi. Ruwan da bai kai digiri 15 a ma'aunin Salsiyos ba yana sa mutum ya ja numfashi da ƙarfi ba da son ransa ba a daƙiƙun farko, in kai yana ƙarƙashin ruwa a lokacin, ruwa zai shaƙa. Farfesa Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba a Kanada ya taƙaita abin da ke faruwa a ruwa mai tsananin sanyi da 1-10-1: minti 1 na daidaita numfashi, minti 10 da hannu da ƙafa ke iya aiki, kamar awa 1 kafin sanyi ya gusar da hankali. Duk cikin ukun nan rigar ce ke riƙe kanka a sama. A jihar New South Wales ta Ostareliya, dokar 2016 ta wajabta sa ta a wuraren da aka ayyana masu haɗari.

Akwai ta soso, akwai mai kumbura da iskar gas. Mai kumbura mai lambar 150N, wato ma'aunin ƙarfinta na ɗaga mutum a ruwa, an yi ta ne don ta juya mutum fuskarsa ta kalli sama. In ita ka zaɓa, sa ta a kan duk sauran tufafi, kada ka rufe ta da wata riga, kuma ka riƙa duba kwalbar gas ɗin. Irin da ke tashi da zarar ta jiƙe takan kumbura a banza in feshi ya yi yawa, irin da ke tashi da matsin ruwa ta fi dacewa da wurin. Ta soso tana da zafi, amma ba ta hujewa, kuma tana kare haƙarƙari.

In ƙaddara ta sa na faɗa, me zan yi?

Saki sandar fatsa. Kwanta da baya ka buɗe hannu har numfashi ya dawo daidai. Zuciya za ta ce ka yi maza ka koma kan dutsen da ka faɗo, amma a nan ne igiya ke maka mutum da dutse. Matsa nesa da inda take fashewa, ka nemi wuri mai kwanciya, ko ka jira taimako. Kada ka ɓata ƙarfi wajen cire wando a cikin ruwa. In ka isa gaɓa, fita da rarrafe, ka kwanta ka ɗaga ƙafa ruwan ya zube, sannan ka miƙe. Wurin fitar nan, tun kana sama a bushe ya kamata ka zaɓe shi.

Me ake sawa a cikin wandon?

Ban da auduga. Tana shan gumi ta riƙe, ta sanyaya jiki. Sa na ulu ko na zaren zamani mai tsotse zufa, dogo har idon sawu ko da ana zafi. Wandon jins ma a bar shi, ɗinkinsa da ƙarafansa suna cin yadin daga ciki. A yanke farcen ƙafa.

Mai zif a gaba ya cancanci ƙarin kuɗin?

Ga wanda ke yini a bakin ruwa, sauƙin kama ruwa kaɗai ya isa dalili. Amma zif ba ya shiri da yashi da gishiri, sai ana wanke shi ana shafa masa mansa. Kuma wanda ya manta bai ja shi har sama ba, igiyar farko za ta tuna masa.

Yaya zan kula da su bayan na dawo?

Ɗauraye komai da ruwan daɗi ranar da ka dawo, kada ka bari sai gobe. Gishiri in ya bushe yana zama ƙananan duwatsu masu kaifi a cikin yadi da ɗinki. Cire shimfiɗar cikin takalmi ka zubar da yashi, domin yashin da ya kwana a ciki shi ke goge safar har ta huje. Juya wandon ka fara busar da ciki, sannan waje, a inuwa. Rana da wuta da zafin but ɗin mota suna narkar da gam ɗin ɗinki. A ajiye shi a rataye ko a naɗe sako-sako, kada a ninke shi a layi guda kullum.

Ya fara yoyo amma ban ga hujin ba.

Fara tabbatarwa ba gumi ba ne: gumi yana jiƙa ƙafa biyu daidai, yoyo wuri guda yake jiƙawa. In na yadi ne, juya shi, ka fesa sifirit a inda kake zargi. Hujin zai fito a matsayin ɗan baƙin ɗigo. Zagaye shi da alƙalami, ka bari ya bushe, ka ɗiga gam irin Aquaseal, ka ba shi awa 8 zuwa 12. In na niyofirin ne ko roba, shiga ɗaki mai duhu ka zura tocila a ciki, haske zai nuna maka. Ragowar gam ɗin ka rufe ka sa a firiza, in ba haka ba kafin buƙata ta gaba ya daskare a bututunsa. Yagewa babba tana son faci ciki da waje. In kuwa ɗinki ne ke buɗewa nan da can, wandon ya gama aikinsa.

Mai tsada ya fi daɗewa a kan duwatsu?

A takalmi, araha ba ta ado. A wando kuwa lissafin bai miƙe haka ba. Manyan sunaye irin Simms da Patagonia da Orvis suna da yanka mai kyau da ɗinki mai ƙarko, suna kuma karɓar gyara. Amma kaifin dutse bai san suna ba, zai yanka mai tsada yadda zai yanka mai araha. Wanda ke yawan durƙuso da zama a kan duwatsu, matsakaicin wando mai kaurin gwiwa tare da bututun gam a jaka ya fi masa.

Kayana sun cika. Akwai abin da ya rage kafin in taka dutse?

Jadawalin cikar teku da janyewarsa. A yawancin gaɓoɓi teku yana cika sau biyu ya janye sau biyu a cikin awa 24 da minti 50, wato kullum lokacin yana matsawa gaba da kusan minti 50. Daga janyewa zuwa cika awa shida ne da 'yan mintuna, amma ruwan ba ya hawa da gudu ɗaya. A awa ta farko yana tafiya a hankali har ka raina shi, a awa ta uku da ta huɗu kuwa rabin dukan hawan yake yi. A nan ne mutum ke waiwayawa ya ga hanyar da ya bi ta shafe. Kwanakin tsayuwar wata da na tsakiyarsa, cikar ta fi girma, janyewar ma ta fi nisa.

In ka isa, zauna a sama ka kalli ruwan na minti 20 zuwa 30 kafin ka sauka, domin manyan igiyoyi a rukuni suke zuwa, da tazara a tsakaninsu. Dutsen da ka gani a jiƙe alhali ba a yi ruwan sama ba, igiya ce ta kai can. Ka gaya wa wani inda za ka da lokacin dawowarka, in da hali ku tafi ku biyu, waya kuma ta kasance cikin jaka mai hana ruwa a ƙirjinka, inda hannu ɗaya zai iya kai mata.